Wayar da ke aljihun mashayi da ƙarfe biyun dare

Wani maƙwabcinmu a Nima, unguwar Zango a birnin Accra na Ghana, ya taɓa kirana da wajen ƙarfe biyu na dare. Ya girme ni nesa ba kusa ba, direban tasi ne mai mata da 'ya'ya uku, kuma duk layinmu an san yana sha, sai dai ba wanda ya taɓa faɗa masa a fuska. Bai yi sallama ba. Da murya a narke ya ce, "Ƙanena, ka yafe mini, ka kula mini da yaran nan." Na ce, "Yaya, kana ina yanzu?" Ya yi shiru. Na riƙe shi a waya ina ta jan sa da magana, ina laluben takalmi cikin duhu, har ya faɗa mini inda yake, na je na taho da shi. Yana nan da ransa, Alhamdu lillahi.

Na daɗe ina juya daren nan a raina. Masallaci a rufe yake, abokan shansa sun watse, matarsa tana barci kuma ita ce ta ƙarshe da zai so ta gan shi a wannan hali. Abu guda da ya rage tsakaninsa da sauran mutane shi ne wayar da ke aljihunsa. Aka yi sa'a akwai caji, akwai kati, ni kuma ban kashe tawa ba. Abin da masana kiwon lafiya ta wayar hannu ke nema shi ne kada ran mutum ya rataya a kan irin wannan sa'a.

Sai mu fara da abin da ya haɗa giya da kashe kai, don mutane da yawa suna ɗaukar su masifu biyu ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma a rahotonta na 2018 kan barasa ta ɗora kusan kashi 18 cikin 100 na wannan mace-mace a kan giya. Giya tana aiki ne ta hanya biyu. Akwai doguwar hanya: shekaru ana sha, aiki ya tafi, bashi ya taru, aure ya girgiza, barci ya lalace, ciwon damuwa ya samu wurin zama. Mutum yana sha don ya manta, gari ya waye damuwar ta dawo da 'yan'uwanta. Akwai kuma gajeriyar hanya, wadda ta fi ba ni tsoro. Giya tana sassauta birkin ƙwaƙwalwa, sashen nan da ke ce wa mutum "dakata, yi tunani". Tana kuma ƙuntata masa gani, ya zamana ba ya hango komai sai baƙin cikin wannan sa'a. Gobe ta ɓace, 'ya'ya sun ɓace. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike-bincike daga ƙasashe daban-daban ya nuna cewa wanda ya sha giya yana cikin haɗarin yunƙurin kashe kansa kusan ninki bakwai a sa'o'in da ke biye, idan kuma ya sha da yawa haɗarin ya haura ninki 30.

Ga wani abin da ya kamata kowa ya riƙe. A wani bincike da aka yi a Ostiriya aka wallafa a 2009, an tambayi mutanen da suka tsira daga yunƙurin kashe kansu tsawon lokacin da ya shiga tsakanin zuwan tunanin da aikatawa. Kusan rabinsu suka ce minti goma ko ƙasa da haka. Minti goma ba ya isa a samu tasi daga unguwar Maamobi zuwa asibitin Korle Bu, balle a ga likita. Amma ya isa a danna lamba. Kuma guguwar ba ta dawwama. Wanda aka riƙe shi har maye ya sake shi, gari ya waye, galibi yakan tashi da wani tunanin. Mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba.

To, mu a Zango lamarin yana da ƙarin nauyi. Wanda ke zaune a unguwar da shan giya ba abin kunya ba ne, idan ya wuce gona da iri 'yan'uwansa za su gani, su yi masa faɗa a fili. Namu mashayin ba ya sha a Nima. Yakan tsallaka wata unguwa inda ba a san shi ba, ya shiga kiyos ya kora giya mai ƙarfi irin akpeteshie ko bitas, ko ya sayi 'yar leda ya cusa a aljihu, ya tauna goro ko cingam kafin ya dawo. Wasu matasan kuma suna haɗawa da taramol, wanda shi kansa haɗari ne na daban, don haɗa su na iya tsayar da numfashi. Duk wannan a ɓoye. Sai ya zama yana ɗauke da sirri biyu, kowanne ya fi ƙarfin bakinsa: yana aikata haram, kuma yana tunanin abin da ya fi shi muni. Wa zai faɗa wa? Liman? Surukinsa? Abokan da yake shan ataya da su a majalisa, waɗanda kafin la'asar labarin ya kai unguwannin Madina da Fadama?

Ba al'ada kaɗai ta rufe masa baki ba, har da doka. Tun 1960, sashe na 57 na dokar manyan laifuka ta Ghana ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, wanda ya tsira ana iya gurfanar da shi gaban alƙali. Sai a watan Maris na 2023 majalisar dokoki ta soke wannan. Mutane da yawa a unguwanninmu ba su ji labari ba, har yanzu suna tsoron kai ɗan'uwansu asibiti kada 'yan sanda su shigo ciki. Ga kuma tsoron suna. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne a ƙasar nan, na Accra, da Pantang, da Ankaful kusa da Cape Coast, duk a kudu. Mu na Accra biyu suna kusa da mu, amma kowa ya san yadda ake amfani da kalmar "Pantang" wajen zagi. Magidanci zai gwammace ya mutu da ciwonsa da a ce an gan shi a ƙofar wurin.

Wannan ne ya sa nake ganin waya ta fi yi mana amfani fiye da yadda take yi wa waɗanda suka ƙirƙiro tsarin taimako ta waya. Ba ta da ƙofar da za a ga mutum yana shiga.

Amma me aka gwada, me ya yi aiki? Abin mamaki, tushen maganar ya girmi wayar hannu. Wani likitan ƙwaƙwalwa a San Francisco ta Amurka, Jerome Motto, tun daga ƙarshen shekarun 1960 ya bi mutum 843 da aka sallama daga asibiti suna cikin haɗari amma suka ƙi ci gaba da karɓar magani. Ya raba su biyu. Kashi ɗaya aka riƙa aika musu 'yar gajeriyar wasiƙa, har sau 24 cikin shekara biyar. Babu wa'azi a ciki, babu umarni, babu "ka dawo asibiti". Abin da take cewa bai wuce muna tuna ka, muna fatan kana lafiya, in kana so ka rubuto mana. A shekara biyun farko, waɗanda ke samun wasiƙar sun fi tsira da rayukansu. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ga ai abin da muke kira gaisuwa ne da zumunci, abin da kakanninmu ke yi da ƙafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada makamancin haka a ƙasashe biyar, Barazil, Indiya, Siri Lanka, Iran da Sin, da mutum 1,867 da aka kawo asibiti bayan yunƙuri. Wasu aka yi musu bayani na kimanin awa ɗaya, sannan aka riƙa tuntuɓarsu ta waya ko ziyara tsawon wata 18. A sakamakon da aka wallafa a 2008, kashi 0.2 cikin 100 ne suka mutu ta kashe kai a cikinsu, a ɗaya ɓangaren da ba a yi wa haka ba kuwa kashi 2.2. Yawan masu sake yin yunƙurin bai bambanta sosai ba tsakanin ɓangarorin, don haka ba sihiri ba ne. Amma rayuka sun tsira, kuma a ƙasashe masu ƙarancin likitoci irin namu.

Abu na biyu shi ne shirin tsira, wanda masana biyu 'yan Amurka, Barbara Stanley da Gregory Brown, suka tsara. Ba a fafe gora ranar tafiya: mutum zai zauna da ma'aikacin lafiya lokacin da yake cikin hayyacinsa, su rubuta alamun da ke nuna masa cewa duhun ya fara taruwa, abin da zai yi shi kaɗai ya ɗauke hankalinsa, inda zai je ya zauna cikin mutane, wanda zai kira, lambar asibiti, da yadda za a nesanta shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. A binciken 2018 da aka yi da tsofaffin sojojin Amurka, waɗanda aka yi wa wannan shiri aka kuma bi su da kiran waya sun samu raguwar kashi 45 cikin 100 na yunƙuri da makamantansa cikin wata shida. Takarda tana ɓacewa, tana jiƙewa, matar gida tana iya tsintar ta a aljihun wanki. A waya kuwa shirin yana tare da mutum duk inda ya shiga. Ga mashayi, dole layin farko na alamun ya ƙunshi giyar kanta: "in na fara sha ni kaɗai", "in na karɓi kuɗin mako", "in muka yi faɗa a gida na fita".

Kada a raina batun nesanta abin cutarwa. Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi guba, yawan kashe kai a ƙasar ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Mutanen ba su daina shiga damuwa ba. Abin da ke kusa da hannunsu cikin minti goman nan ne ya canza.

Na uku ya shafi shan kai tsaye. A jami'ar Wisconsin ta Amurka an ƙera wata manhaja mai suna A-CHESS, aka gwada ta da mutum 349 da suka fito daga gidan jinyar masu shaye-shaye. Tana da maɓallin neman agaji da ke sanar da mutanen da mai wayar ya zaɓa, tana yi masa 'yan tambayoyi duk mako ta tura wa mai ba shi shawara idan amsar ta nuna yana gab da zamewa, kuma idan ya kusanci mashayar da ya saba zuwa sai ta yi masa gargaɗi. Sakamakon 2014 ya nuna kwanakin shan da ya wuce kima sun ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba su da ita. A lura dai: wannan gwaji shan giya ya auna, na Motto kuma mutuwa ya auna. Aikin da ke gaba shi ne ɗinke su wuri ɗaya, tun da a jikin mutum ɗaya suke haɗuwa.

Yanzu ga inda nake so a yi hattara. Jin cewa waya tana taimakawa ya sa kowa ya ƙera manhaja ya zuba a kasuwa. Wasu masu bincike a Singafo sun duba irin waɗannan manhajoji guda 69 a 2019. Biyar kacal suka cika dukkan matakan kariya da masana suka yarda da su, shida kuma lambar agajin da ke cikinsu ba daidai ba ce ko ba ta aiki, alhali an sauke su sama da sau miliyan biyu. Ka ƙaddara mutum ya tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa ya danna lamba, a ce masa babu ita. Akwai kuma wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2022, da mutum sama da 18,000, inda aka gayyaci wasu su koyi dabarun shawo kan damuwa ta intanet kusan su kaɗai. Sai aka ga cutar da kai ta ɗan fi yawa a cikinsu fiye da waɗanda aka bari a kan kulawar da aka saba. Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, inda aka ga nasara akwai mutum a ɗaya bakin layin, wanda ya san sunanka kuma zai lura idan ka yi shiru. Inda aka miƙa wa mutum darasi aka juya baya, abin bai yi kyau ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, waya kuwa ba ta ganin fuska sai an sa mata mai gani.

Idan za a gina irin wannan don Nima da Sabon Zango, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, ba daga sifili za a fara ba. A 2010 aka fara shirin MOTECH a arewa maso gabashin ƙasar nan, ya riƙa tura wa masu juna biyu saƙon murya da harshensu. Tun 2018 mutane ke sabunta inshorar lafiya da *929# a kan ƙaramar waya mai madannai, ba data ba komai. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana karɓar MoMo, wato kuɗi ta waya. Darasin a bayyane yake: murya ta fi rubutu, kuma abin da ke aiki a ƙaramar waya ya fi abin da ke cin data. Hausar Zango a baki take. Da yawa suna jin ta sarai amma ba su saba karanta ta ba. Wanda ya bugu ma, ko da digiri gare shi, ba zai iya bin dogon jerin "danna ɗaya, danna biyu" ba. Maɓalli ɗaya yake buƙata, da muryar mutum mai cewa "Sannu, ina jin ka."

Sai batun sirri, wanda a wurinmu shi ne ginshiƙi. Waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Yaro yana ɗauka ya yi wasa, uwargida tana dubawa, ana barin ta a shagon caji. Saƙo guda da ya ambaci giya ko asibitin ƙwaƙwalwa ya isa ya rushe abin da ake ƙoƙarin ginawa, ya ma jefa mutum cikin tonon asirin da yake gudu. Saƙon ya zama gaisuwa zalla, irin na Motto, kuma mai wayar ne zai zaɓi lokacin da za a aiko da sunan da zai bayyana. Tun da an haɗa kowane layi da katin ɗan ƙasa, mutane suna da dalilin tambayar wa zai ga bayanansu. Akwai dokar kare bayanai ta 2012, amma sai an zaunar da mutum an faɗa masa da bakin da yake ji wa ke gani, wa ba ya gani. Manhajar da ke bin sawun inda mutum yake kuwa, ni ban ga za ta karɓu a nan ba sai da cikakkiyar yardarsa, don abin da ya zama gargaɗi a Wisconsin yana iya zama leƙen asiri a Maamobi.

Akwai wani haɗari da ban cika jin ana faɗa a unguwa ba, kuma duk mai tura saƙon "ka daina yau" ya kamata ya san shi. Wanda jikinsa ya saba da giya mai yawa kullum, idan ya yanke lokaci guda, cikin sa'o'i zai fara karkarwa da gumi, wasu su yi jijjiga kamar farfaɗiya, bayan kwana biyu zuwa uku wasu su rikice su fara gane-gane. Wannan yana kisa, kuma yana da magani a asibiti. Ku tuna farkon azumi, lokacin da bawan Allah ke ɗaura niyya ya watsar da kwalba dare ɗaya. Kwana uku sai a ce aljanu sun taɓa shi, a yi ta hayaƙi da tofi, alhali nas yake buƙata. A kwanakin nan ma damuwa da rashin barci kan tsananta, tunanin mutuwa ya ƙaru. Niyyarsa kyakkyawa ce, sai dai a haɗa ta da likita. Shi kansa haramcin giya a Alƙur'ani mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida.

Shi ya sa ban yarda a tsallake malamai ba. Su ake fara kai wa. An ma gwada haka a ƙasar nan: masu bincike daga jami'ar Washington da jami'ar Ghana sun ƙera manhajar M-Healer don fastoci masu sansanonin addu'a, tana koya musu hanyoyin kwantar da mai taɓin hankali ba tare da ɗaure shi da sarƙa ba. Idan an yi wa fastoci, me zai hana a yi wa limaman Zango da Hausa, su san alamun haɗari, su san lambar nas ɗin ƙwaƙwalwa da ke asibitin unguwa? Hujjar ma tana hannunsu. Ya tabbata a hadisi cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku.

Kafin a gina duk wannan, wayar da za ta yi ƙara taka ce ko tawa. Idan wanda ka san yana sha ya kira yana neman yafiya ba dalili, yana ba da amanar 'ya'yansa, yana cewa ya gaji ko ya zama kaya a kan mutane, kada ka ce giya ce ke magana ka kashe. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ba lokacin wa'azin wuta ba ne, ya san hukuncin, shi ne ma yake ƙara danne shi. Ka tambayi inda yake, ka riƙe shi a layi, ka je ko ka tura na kusa, kada a bar shi shi kaɗai har maye ya sake shi, a kawar da abin cutarwa daga kusa da shi. Idan ya riga ya sha wani abu ko ya ji wa kansa rauni, a kira 112 ko a garzaya asibiti mafi kusa, ba wanda zai kama shi. Hukumar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa tana da layin kyauta, 0800 678 678. Washegari kuma a raka shi wurin ma'aikacin lafiya, ko da ya ce ya warware.

Maƙwabcin nawa bai daina sha a daren nan ba. Ya ɗauki lokaci, ya zame ya tashi fiye da sau ɗaya, kuma wata nas ce ta yi mafi yawan aikin. A wayarsa ta sa lambobi uku a saman jeri, tata da tawa da ta wani ƙanen mahaifinsa da ya yarda ya sani. Ni nawa aikin kaɗan ne. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan tura masa saƙon murya: "Yaya, barka da Juma'a, ya iyali?" Wani lokaci ya amsa da dogon labari, wani lokaci da "lafiya lau" kawai. Ranar da bai amsa ba har magariba, nakan taka zuwa ƙofar gidansa.